Roba, rezin, katako ko tagulla: da me za ka gina taragon kaya na zamanin jirgin tururi?

Mai sha'awar ƙera ƙananan taragun jirgin ƙasa yakan fara da tambayar wane kwalin haɗi, wato kwalin sassan da zai harhaɗa da kansa, zai saya, alhali akwai tambayar da ta riga wannan. Wace shekara kake so ka kwaikwaya, kuma a wane layin dogo? Idan ba ka yanke wannan ba, duk abin da ka saya caca ce. Zamanin tururi a Amurka, inda wannan sana'a ta fi zurfi kuma inda mafi yawan kayan haɗin suke fitowa, ya ɗauki shekaru masu yawa, sai a 1960 ne kamfanin Norfolk and Western, na ƙarshe cikin manya, ya ajiye kawunan jirgi masu tururi. Taragon 1925 da na 1952 duk an ja su da tururi, amma idan ka jera su a layi ɗaya ba tare da lura ba, wanda ya san harkar zai gane cikin ƙiftawar ido.

Dubi birki kawai. Tun daga 1933 sababbin taragu suke fitowa da birkin iska samfurin AB, mai gunduwa uku a rarrabe a ƙarƙashin tarago. Tsohon samfurin K, wanda galibi silinda da tankin iskarsa suke manne wuri ɗaya, ya ci gaba da aiki har zuwa wajen 1953 da aka hana shi yawo tsakanin kamfanoni. Haka su ma tsofaffin ƙafafun tarago, wato firam ɗin da ke riƙe tayoyi, da ake haɗawa da lanƙwasassun sandunan ƙarfe da noti, an hana su fita daga layin mai su a kusa da 1940. Taragun ƙanƙara masu ɗauke da manyan tallace-tallacen nama da giya da man shanu a jikinsu, waɗanda kowa yake sha'awa saboda kyan fenti, sun ɓace daga 1937 bayan hukuncin hukumar kula da sufuri tsakanin jihohi. Wanda ya zaɓi kakar 1949, ashe ya riga ya yanke wa kansa abubuwa da yawa: babu waɗancan tallace-tallace, babu tsofaffin ƙafafu, birki kuma gauraye ne, wasu K wasu AB.

Abin da ya sa zamanin yake da daɗin kwaikwayo shi ne rashin daidaiton taragun. Taragon X29 na kamfanin Pennsylvania, wanda aka ƙera kusan 30,000 daga 1924, tsayin cikinsa ƙafa 8 da inci 7 ne. Wanda ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta AAR ta tsara a 1937 kuwa ƙafa 10 ne cif. A ma'aunin HO, inda ake ƙanƙanta komai sau 87, wannan bambanci bai fi milimita 5 ba, amma shi ne yake sa rufin ayarin taragu ya riƙa hawa da sauka kamar yadda ake gani a tsofaffin hotuna. Ga na katako mai sandunan ƙarfe a waje, ga na katako mai shafaffen jiki, ga mai zagayayyen rufi na Baltimore and Ohio, ga mai haƙarƙari a kwance na Milwaukee Road. Kayan da za ka zaɓa su ne za su nuna ko za ka iya samun wannan gauraye ko kuwa ayarinka zai zama tarago ɗaya da aka yi wa fenti iri goma.

Batun ma'auni ba ya buƙatar dogon zance. Rufaffen tarago mai ƙafa 40 yana fitowa kusan santimita 25 a ma'aunin O na Amurka, wato kashi 1 cikin 48. Santimita 19 a S, 1 cikin 64. Santimita 14 a HO, 1 cikin 87. Sannan ƙasa da santimita 8 a N, 1 cikin 160. O ya fi daɗin aiki ga ido da yatsu, sai dai yana cin wuri da kuɗi. N na mai son dogon ayari ne a ƙaramin ɗaki, ba na mai son ƙirga kawunan ƙusa ba. Mai neman daidaito a taragun kaya na wannan zamani, HO ne gidansa, domin a nan ne kamfanoni suka fi zuba nau'o'in taragu, ƙafafu, ƙofofi da rubutun jiki. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan HO ne, sai inda na ce ba haka ba.

Mafi sauƙin hanya ita ce sayen taragon roba da aka gama haɗawa. Kamfanonin Kadee, Tangent, Rapido da Intermountain suna fitar da taragu masu kyau ƙwarai, wasu ma sun fi abin da matsakaicin magini zai iya yi da hannunsa. Taragon PS-1 na Kadee abin kallo ne, amma ka tuna cewa kamfanin Pullman-Standard bai fara ƙera ainihinsa ba sai 1947, don haka ba shi da gurbi a ayarin 1941. Matsalar wannan hanya biyu ce. Na farko, kamfani ba ya kashe kuɗin sassaƙa mazubin ƙarfe sai ga taragon da zai sayu da yawa, saboda haka taragun da aka ƙera 'yan ɗaruruwa kaɗai ba za ka same su ba. Na biyu, don a mayar da kuɗi, wasu kamfanoni sukan shafa wa jiki ɗaya sunayen layuka da dama, har da waɗanda ba su taɓa mallakar irinsa ba. Tsofaffin taragun Athearn masu shuɗin kwali, da aka daina yi a 2009, sun yi suna a wannan. Arha ne, ba sa mutuwa, kuma dubban mutane da su suka fara, amma ba a gina daidaito a kansu.

Kwalin haɗi na roba iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a magana ɗaya ba. Na Accurail, misali, jikin a dunƙule yake zuwa, tsani da mariƙai, wato ƙarafan da ma'aikaci yake kamawa da hannu, duk an zuba su tare da bango. Cikin ƙasa da awa guda ka ɗaura ƙasa, ka sa nauyi da ƙafafu, ka gama. Daga nesa ba laifi. Idan ka matso, sai ka ga mariƙan ba mariƙai ba ne, tudu ne kawai a jikin bango, babu inuwa a bayansu. Masu haƙuri sukan kankare su da reza mai kaifi su huda su sa waya, kuma hakan yana fitar da tarago mai kyau a kuɗi kaɗan, sai dai kankarewa ba tare da lalata layukan katakon da ke kusa ba aiki ne da yake son hannu mai nutsuwa.

Iri na biyu shi ne na Tichy da makamantansa, irin su tsofaffin Red Caboose da Branchline. A nan kusan komai a ware yake: rufi, ƙofa, sandunan birki, mariƙai. Taragon USRA, wato zanen hukumar jiragen ƙasa ta gwamnatin Amurka, mai sandunan ƙarfe a waje na Tichy misali ne mai kyau, kuma yana da dalilin zama a kusan kowane ayari, domin lokacin da gwamnatin Amurka ta karɓe ragamar jiragen ƙasa daga ƙarshen 1917 zuwa 1920 an ƙera taragun kaya kusan 100,000 a kan zane na bai-ɗaya aka rarraba wa kamfanoni, wasunsu kuma sun kai har shekarun 1950 suna aiki. Daɗin robar nan shi ne gam ɗinta. Ruwa ne da yake narkar da fuskar gunduwa biyu su zama ɗaya. Ka daidaita sassan a bushe, ka taɓa bakin siririn buroshi a mahaɗar, ruwan ya bi layin da kansa, kana da 'yan daƙiƙoƙi na gyara kafin ya kama. A ganina duk wanda zai shiga wannan sana'a da gaske, nan ya kamata ya fara. Zai koyi huda, lanƙwasa waya da tsarin birki a kan abin da yake yafe kuskure.

Rezin kuwa, wani ruwan sinadari da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri, shi ne ya canza harkar baki ɗaya. Tun farkon shekarun 1980 da Al Westerfield ya fara zuba taragu a mazubin roba mai laushi, sai ya zama mutum ɗaya a ƙaramin shago zai iya fitar da taragon da babban kamfani ba zai taɓa kallo ba. Daga baya Sunshine Models, Funaro and Camerlengo, Speedwitch, Yarmouth Model Works da Resin Car Works suka biyo. Mazubi mai laushi ba shi da tsada, kuma yana kwafe duk abin da ke jikin samfurin asali, har tsagar da ke tsakanin allunan katako da kan kowace ƙusa. Shi ya sa idan kana son ainihin taragon wani layi, da irin ƙofarsa da irin rufinsa da irin goshinsa, wato bangon gaba da na baya, sau da yawa rezin ne kaɗai amsa. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ma dukiya ce: tarihin taragon, jerin lambobinsa, shekarun da aka canza masa birki ko fenti.

Amma rezin yana da hali. Wasu kwalaye jikin yana zuwa a dunƙule, wasu kuwa fale-fale ne, bango biyu, goshi biyu, rufi da ƙasa, kai za ka tayar da akwatin. Kafin komai sai ka wanke sassan da ruwan sabulu, domin maiƙon da ake shafa wa mazubi yana hana gam da fenti kamawa. Ƙananan sassa suna zuwa manne a wani siririn fatar rezin; sai ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka ɗan jiƙa ta don ƙura kada ta tashi, ka riƙa goga bayan fatar a hankali har ta yi siririn da sassan za su faɗo da kansu. Sannan ka jera bangon nan biyu baya da baya ka duba tsawonsu. Ba safai suke zuwa daidai ba, saboda rezin yana ɗan tsukewa idan ya daskare. Rabin milimita ya isa ya karkatar da tarago gaba ɗaya, rufi ya ƙi zama, ƙafa ɗaya ta ɗaga daga kan dogo. Nan ne mafi yawan sababbi suke karaya, ba a wurin ƙananan sassa ba.

Gam ɗin roba ba ya cin rezin, dole sai sufa gulu, shi kuma ba ya jiran kowa. Dabarar ita ce ka ɗiga shi a kan wani abu daban, ka ɗebo da bakin allura, ka kafa kusurwa da ɗigo ɗaya, ka duba da sukwaya, sai ka tabbatar sannan ka bi layin daga ciki. Akwai abin da mai zama a ƙasar Hausa zai lura da shi wanda takardar bayanin ba za ta faɗa masa ba: wannan gam da damshin iska yake kamawa, saboda haka a tsakiyar hunturu yakan yi nawa, da damina kuma ya kama kafin ka gyara zama. Zafi ma yana saurin kashe kwalbar da aka buɗe. Shi kansa rezin ɗin ba ya son zafi. Bango fale-fale da ya kwana a mota ko a ɗakin kwano cikin watan Afrilu zai iya lanƙwashewa. Ana gyara shi, a tsoma a ruwan zafi a danne a kan gilashi har ya huce, amma gara a ajiye kwalin a kwance a wuri mai sanyi tun farko. Da zarar an haɗa akwatin an sa masa 'yan katanga a ciki, matsalar ta ragu sosai.

Sai huda. Ainihin mariƙin da ma'aikacin jirgi yake kamawa kaurinsa bai wuce kashi uku cikin huɗu na inci ba, wanda a HO ya zama kusan milimita 0.2. Magina sukan yi amfani da waya mai kaurin milimita 0.25 ko 0.3, su huda da bakin huda mai lamba 79 ko 80, wanda bai kai rabin milimita ba. Tarago mai mariƙai a madadin tsani yana iya cin rami fiye da 50. Rezin yana da laushin huda, ya fi roba ma, amma bakin hudar yana karyewa da an ɗan karkata hannu, don haka kada ka yi odar ɗaya ko biyu, sayi dozin. Idan ka saka waya, cusa wani siririn kati a bayanta kafin ka ɗiga gam, don duk mariƙan su fito da tazara ɗaya daga bango. A kuɗi, kwalin rezin yakan ninka na roba mai sauƙi sau biyu ko uku, kuma sau da yawa babu ƙafafu da maƙalan haɗa tarago da tarago a ciki. Ana kuma zuba su kaɗan-kaɗan, idan sun ƙare sun ƙare. Sunshine ta daina aiki, kwalayenta sai a hannun masu sayar da na hannu.

Katako yana da masoya, kuma hujjarsu tana da daɗin ji: taragon katako ai da katako ya kamata a yi shi. Kamfanoni irin su Ambroid a da, da LaBelle, sun gina suna a kan haka, kuma aikin yana da ni'ima, ga ƙamshi ga sauƙin yanka. Sai dai ban yarda da hujjar ba idan daidaito ake nema. Allon tarago na gaske an fere shi, an shafe shi da fenti, daga 'yan taku kaɗan ba ka ganin zanen itacen. Katakon samfuri kuwa zanensa da gashinsa ba su ƙanƙance sau 87 ba, suna nan da girmansu. Kafin ka kashe su sai ka shafa abin toshe ƙofofin itace, ka goge, ka sake shafawa, har katakon ya koma kama da roba. To me ya hana ka fara da robar? Ga kuma sauyin yanayi: abin da aka manna da damina yana iya buɗe baki da hunturu idan ba a shafe ciki da waje ba. Inda katako ya yi zarra shi ne inda ainihin itacen yake tsirara ya sha rana, kamar daɓen shimfiɗaɗɗen tarago, cikin taragon dabbobi, ko tsohon taragon da aka mayar ɗakin ajiya a gefen tasha. A ma'aunin O ma ya fi karɓuwa.

Ƙira daga tushe da fallayen roba, irin na Evergreen masu zuwa da layukan alluna a tsage da sanduna masu kauri iri-iri, ita ce hanyar da ba ta da iyaka. Ba a sare robar da zarto; a ja mata layi da reza a kan rula, a lanƙwasa, ta ɓalle tsaf. Taragon katako mai shafaffen jiki shi ne mafi sauƙin farawa, kusan akwati ne. Wahalar tana wurin goshin ƙarfe mai tudu da kwari da kuma layukan ƙusoshi, shi ya sa magina da yawa suke sayen goshi da rufi da ƙofa a shirye su gina sauran. Abin da wannan hanya take ci ba kuɗi ba ne, bincike ne. Kana buƙatar zane mai awo, irin waɗanda ke cikin kundin Car Builders' Cyclopedia, da hotuna na gefe da na goshi, da kuma rajistar Official Railway Equipment Register ta shekararka, wadda take jera taragun kowane kamfani da lambobinsu da awonsu da adadin da suka rage a aiki. Ga wanda kowane kwali sai ya biya kuɗin jirgi da na kwastan kafin ya iso hannunsa, wannan hanya tana da wata fa'ida: ambulan ɗaya na fallaye da sanduna da waya zai fitar da taragu da yawa.

Tagulla ba zan daɗe a kanta ba. Waɗanda aka ƙera da hannu a Japan, daga baya a Koriya ta Kudu, suna da kyau da ƙarko, kuma a taragon tanki ko na kwal, inda siririn bango da siraran sanduna suke da muhimmanci, ƙarfe yana yin abin da roba take shan wahalar yi. Amma tsada ba shaidar daidaito ba ce. Akwai tsofaffin na tagulla masu kuskuren awo, kuma gyaransu sai da dalma da wuta. Kuɗin guda ɗaya zai sayi rezin da yawa. Inda tagulla take da amfani ga kowa shi ne ƙananan sassan da ake cinye zanensu da sinadari, kamar tsani, matakala da hanyar tafiya ta kan rufi. Na'urar ɗab'i ta 3D, mai fitar da abu da jikinsa, ita ma ta shigo da ƙarfi, kuma tana kyau wurin goshi, ƙofa da sassan da babu mai sayarwa. Daidaitonta bai wuce na wanda ya zana a kwamfuta ba, siraran sassanta suna da saurin karyewa, a kan shafaffen bango kuma layukan ɗab'in sukan fito bayan fenti.

Ko da wanne ka gina, akwai abubuwan da suke tona asirin tarago. Ƙafafu na farko: Andrews, Dalman da sauran samfura ba ɗaya ba ne, kuma Tahoe Model Works na yin da yawa daga ciki, sai ka duba hoto ka zaɓa. Tayoyin taragon kaya na lokacin inci 33 ne. Nauyi kuma, ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ta NMRA ta ba da shawarar oza ɗaya da ƙarin rabin oza ga kowane inci na tsawon tarago, wato kusan giram 110 ga mai ƙafa 40. Rezin da katako ba su da nauyi, don haka ka manna ƙarfen a ciki kafin ka rufe rufi, ka kuma manna shi da kyau, don idan ya ɓalle daga baya babu ƙofar shiga. Rubutun jiki shi ne na ƙarshe kuma shi aka fi sakaci da shi. Ana sake auna nauyin tarago lokaci-lokaci a rubuta wata da shekara da tashar da aka yi awon, a kan wani ɗan facin sabon fenti. Taragon da ya ce an auna shi a 1956 ba shi da abin yi a ayarin 1949, wanda kuma aka ƙera a 1919 bai kamata ya fito da fenti mai sheƙi da kalmar sabo a jikinsa ba.

Wani zai ce, to taragunmu fa, waɗanda suka yi jigilar gyaɗa da fatu da auduga tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya zarce Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930? Kwalayen da na ambata na taragun Amurka ne, ba za su zama na Najeriya don an canza musu fenti ba. Faɗin tsohon dogonmu milimita 1,067 ne, ba 1,435 ba. Idan ka raba shi da 64 za ka samu kusan 16.7, wato ma'aunin S a kan dogon HO mai milimita 16.5, dabarar da magina a New Zealand suka daɗe suna bi saboda faɗin dogonsu ɗaya da namu. Idan kuma ka fi son 1 cikin 87, sai ka nemi dogo mai milimita 12. Ni dai na farkon zan zaɓa, domin tayoyi da dogon HO sun fi sauƙin samu, girman kuma ya fi daɗin yanka da hannu. A nan ƙira daga tushe da roba ita ce hanya, da hotuna da tef ɗin awo idan an samu tsohon tarago a ajiye kuma masu kula da wurin sun ba da izini.

Ga wanda zai yi odar farko yana nufin Amurka ta ƙarshen shekarun 1940, abin da zan ce ya saka a ciki shi ne kwalin Tichy ɗaya ko biyu, na Accurail guda don koyon kankara da sa waya, dozin na bakin huda, waya mai kaurin 0.25 da 0.3, da rubutun jiki na shekarar da ya zaɓa. Rezin ya jira oda ta biyu, kuma ya fara da mai dunƙulallen jiki kafin fale-fale. Taragun da suka fi yawa a kan dogo, irin su X29 da na 1937, a same su a roba tunda akwai su. A ajiye kuɗin rezin don 'yan taragun da suke bambanta layinka da na kowa.